Sauka a Gidan Mutane a Ƙasar Waje: Yadda Baƙo Zai Zama Ɗan Gida

Mutum zai iya yin shekara huɗu a Alƙahira ko Istanbul ya dawo da digiri, amma bai taɓa zama a gidan ɗan ƙasar ya ci abin da uwargida ta girka da hannunta ba. Haka da yawa cikin yaranmu na Jos suke yi. Su haɗu su biyar, 'yan Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, su kama gida ɗaya, su tuƙa tuwonsu, su yi hirarsu da Hausa har dare ya raba. Ba laifi ba ne, akwai sauƙi da rufin asiri a ciki. Sai dai wanda ya sauka a hannun iyali 'yan ƙasa, ko da na wata ɗaya ne, yakan dawo harshe ya zauna a bakinsa, ya ga yadda suke biki da makoki, ya kuma san abincinsu na ainihi, wanda ba a sayar wa masu yawon buɗe ido.

Abin da na ga ya fi ba mutanenmu wahala a irin wannan zama shi ne kunya da kawaici. A gida an rene mu da cewa baƙo ba ya faɗin abin da yake so, ba ya karɓar tayin farko, ba ya kallon babba cikin ido. A nan tarbiyya ce. A wasu ƙasashen kuwa sai a ɗauke ta girman kai ko ɓoye-ɓoye, yaro ya yi ta kwana da yunwa masu gida ba su sani ba. Kusan duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu: ka yi magana da wuri, cikin ladabi, kuma a sarari.

Wane gida, kuma ta hannun wa

Hanyoyin sun sha bamban, kuma kowace da irin haƙƙin da take ɗora maka. Akwai musayar ɗalibai, irin shirin YES da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, wanda ya kai 'yan sakandare da dama daga Arewa suka yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa. A irin wannan masu gidan ba biyansu ake yi ba, don ra'ayin kansu suka karɓe ka, saboda haka ɗa kake a gidan, da aikinsa da dokarsa. Akwai makarantun koyon harshe a Rabat da Fas da Amman da garuruwan Ingila, waɗanda ke haɗa ɗalibi da iyali ya biya kuɗin ɗaki da abinci, galibi karin kumallo da na dare. A Maleshiya akwai gidajen ƙauye da ke da rajista da ma'aikatar yawon buɗe ido don saukar baƙi. A Jamus akwai tsarin da matashi ɗan shekara 18 zuwa 26 zai zauna da iyali har tsawon wata 12, yana taya su kula da yara, aikin kada ya wuce awa 30 a mako, su kuma su ba shi ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Sai kuma hanyar sanayya: abokin kasuwancin mahaifinka, ko malamin da ya taɓa koyarwa a Jami'ar Jos ya koma ƙasarsu.

Ko ta wace hanya ce, kada ka biya ko sisi sai ka samu abu huɗu: cikakken sunan masu gida, adireshinsu, rubutacciyar yarjejeniya kan abin da kuɗinka ya ƙunsa, da kuma kiran bidiyo da ka ga fuskokinsu da ɗakin da za ka kwana. Ka nemi lambar wani da ya taɓa sauka a gidan ka ji ta bakinsa.

A nan zan ja kunnen iyaye, musamman masu 'ya'ya mata. Dillalin da ya zo ya ce akwai wata Hajiya a Labanan ko Oman ko Iraƙi da ke neman yarinyar da za ta "zauna da su kamar 'yarsu", shi zai yi fasfo, shi zai biya jirgi, wannan ba saukar baƙi ba ce. Aikatau ne ƙarƙashin tsarin kafala, inda zaman yarinya a ƙasar ke rataye a wuyan ubangidanta, kuma sau da yawa fasfonta ake fara karɓewa. Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, hedikwatarta na Abuja. A kai mata maganar kafin a sa hannu a komai.

Saƙon farko

Da an ba ka sunan iyalin, ka rubuta musu. Wannan saƙo ya fi duk abin da za ka sa a jaka muhimmanci, domin abin da ka faɗa daga Jos bayani ne, amma wanda ka faɗa bayan an ajiye maka faranti a gaba ya zama ƙin abinci.

Ka fara da gabatar da kanka: sunanka da yadda ake furta shi, gidanku, abin da kake karantawa ko sana'arka, da hoton iyalinka in sun yarda. Sannan ka shiga maganar abinci dalla-dalla. Kada ka tsaya a "ba na cin alade". Mutane da yawa a Turai in sun ji haka tsokar naman kawai suke tunawa, su manta da soseji, da kitsen da ake soya abu da shi, da jelatin da ke cikin wasu alewoyi da kayan zaƙi. Haka giya: a Faransa da Italiya ana zuba ta a miya da wasu kek, a Jafan kuma akwai ruwan girki na shinkafa mai giya da ke shiga abinci iri-iri. Ka lissafa musu. Maganar naman da ba Musulmi ne ya yanka ba kuwa, malamai sun yi bayani mai tsawo a kan aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, kuma fahimtarsu ta bambanta game da mayankun zamani. Ka zauna da malaminka tun kana gida ka tsayar da matsaya ɗaya. Abin da ke rikita masu gida shi ne yau ka ci kaza gobe ka ce ba ka ci. In ka zaɓi ka tsaya a kifi da ƙwai da ganye, ka faɗa, kuma ka nuna a shirye kake ka riƙa sayo naman halal da kanka in akwai shagonsa kusa.

Ga misalin yadda za a tsara shi, sai ka mayar da shi harshensu: "Ina murna ƙwarai da zan ci abincin gidanku, kuma ina son in ɗanɗana komai. Saboda addinina ba na cin alade da duk abin da aka yi da shi, ba na kuma shan giya ko abincin da aka zuba ta. Kifi da ƙwai da madara da kayan lambu duk ina ci. Ina salla sau biyar a rana, kowace ba ta wuce minti goma, a ɗakina zan yi, ta farko kafin fitowar rana."

Sai tambayoyinka. Su wa ke kwana a gidan? Ɗaki naka ne kai kaɗai, kuma yana da makulli? Akwai kare ko kyanwa? Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, musamman gyaɗa? Masallaci ko coci mafi kusa yana ina, kuma da me ake zuwa? Ƙarfe nawa ake rufe gida? 'Yar'uwa mace ta ƙara da cewa tana sa hijabi a gaban maza kuma ba ta musabaha da su, don kada maigida ya miƙo hannu a filin jirgi a bar shi da hannu a sama. Namiji ma haka, musamman mai zuwa Faransa inda gaisuwar haɗa kumatu ta zama ruwan dare. In an sani tun farko, ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya wadatar.

Takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa, ana yin sa a ofishin lafiya na filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Senegal da Gana da Binin da sauran ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza daga ɗan Najeriya in zaman bai wuce kwana 90 ba, shi ya sa nake ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya fara da su. Bizar ziyara ta ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Mai sauka a gidan wani a Faransa sai mai masaukin ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar shaidar karɓar baƙo ya aiko. Kuɗin hannu in ya wuce Dala 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan.

Ranar ganawa a ofishin jakadanci ko ranar tashi, kada ka ce za ka taso daga Jos da asuba. Tsakanin Hawan Kibo da Akwanga komai na iya faruwa da mota, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, filin jirgi kuma yana can ɗaya ɓangaren gari ta Lugbe. Ka kwana a Abuja.

Abin da zai shiga jaka, da wanda zai tsaya a gida

Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Tsaraba mai kyau ita ce mara nauyi wadda ke da labari a bayanta: jaka ko matashin fata na masu dukancin Naraguta, hula zanna, atamfa yadi shida ga uwargida, faifai ko ƙaramar ƙwarya mai zane, busasshen zoɓo, acca mudu ɗaya. Turare da man shafawa na Turawa kada ka wahalar da kanka, daga can suke zuwa.

Kilishi da dambun nama da man shanu, haƙuri za ka yi. Birtaniya da Tarayyar Turai da Amurka da Ostareliya ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama, kuma karnukan kwastan sun fi ka sanin abin da ke jakarka. Goro haramtacce ne a shiga da shi Saudiyya. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa, a ɗaure su a leda mai haske a rubuta sunan kowanne, kuma in takardar kwastan ta tambaya ko kana ɗauke da abinci ka ce e. Wanda ya bayyana, iyaka a karɓe. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce. Daddawa a ninka mata leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk kayanka za su isa da sallamarta. Garin maganin gargajiya mara suna ka bar shi. Maganin asibiti ya tafi cikin kwalinsa da takardar likita, domin irin su tiramadol da kodin na iya kai mutum kurkuku a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Saƙon wani kuma, ko na maƙwabcin da kuke salla sahu ɗaya, kada ka karɓa sai an buɗe a gabanka.

Ka sa ƙaramar buta ta roba, dadduma mara nauyi, da silifas a jaka. Soket ɗinmu mai baki uku irin na Birtaniya ne da Maleshiya. Yawancin ƙasashen Turai da Turkiyya da Masar da Maroko mai baki biyu zagayayye suke amfani da shi, sai ka sayi adafta a kasuwar Taminus kafin ka tashi. Mu mutanen Jos muna alfahari da sanin sanyi, amma sanyin Disamba na Filato ba ya daskarar da ruwa a titi. Rigar sanyin gwanjo ɗaya mai kauri ta isa ta kai ka, sauran ka tambayi masu gida a can.

Kwana ukun farko

Hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Ka riƙe wannan ma'auni ko a gidan wa ka sauka. Cikin kwana ukun nan za a yi maka hidima a yi maka uzuri, kai kuma aikinka ka zuba ido, kamar amarya a tsakiyar dangin miji: wa ke fara zama, wa ke zuba abinci, ina ake ajiye takalmi, wa ke kwashe kwanuka.

Tun a bakin ƙofa ka dubi ƙafafun masu gida. A Turkiyya da Jafan da Maleshiya da ƙasashen arewacin Turai ba a shiga da takalmi. Ka tambayi yadda za ka kira su. A Masar maigida Ammu ne, a Turkiyya uwargida Teyze, a Maleshiya Pak Cik da Mak Cik, duk dai irin Kawu da Gwaggo namu. Ba'amurkiya 'yar shekara 60 kuwa za ta ce ka kira ta da sunanta tsirara. Zai yi maka nauyi a baki, amma ka yi yadda ta ce, ko ka roƙi izinin ce mata Mama, yawanci daɗi suke ji. In suna maka magana ka dube su. Sunkuyar da kai da durƙuso a wurinsu ba ladabi suke nunawa ba, sai su zaci wani abu na damunka.

Washegari ka nemi uwargida ta zagaya da kai gidan, kana tambaya: yaya ake kunna ruwan zafi, minti nawa ake yi a wanka, wace rana ake wanki, me zan iya ɗauka a firij ba tare da na tambaya ba, wace shara ke shiga wane kwando. A Jamus takarda da kwalba da roba da ragowar abinci kowanne da mazubinsa, gorar roba kuma ba a yar da ita, ana mayar da ita shago a karɓi santi 25. Lahadi a can ranar shiru ce, ba ranar kunna waƙa ko buga ƙusa ba. In an ce abinci ƙarfe shida, shida ake nufi, kuma in za ka makara saƙo ɗaya a waya ya raba ka da ɓacin rai.

Daga rana ta huɗu ka tashi daga baƙo. Samarinmu da suka saba ƙanne mata na ɗauke musu kwano, a nan za su gyara zama: gyaran gado, wanke faranti, fitar da shara, duk naka ne. 'Yan mata kuma akasin haka nake ji musu, kada kunya ta sa su kwashe aikin gidan gaba ɗaya. Ki yi daidai abin da 'ya'yan gidan ke yi.

A gaban abinci

Tayi shi ne tarkon farko. Bajamushe ko Baholande in ya ce za ka ƙara, ka ce a'a, ya gama. Zai ɗauke tukunya ya sa a firij, ba zai sake tambaya ba. In kana so ka ce kana so tun karon farko. A Masar da Maroko da Jodan kuwa lamarin irin namu ne har ya fi: za a yi ta tura maka nama ana rantsuwa sai ka ci. Dabarar can ita ce ka fara da kaɗan, ka ci a hankali, ka bar wurin ƙari, in ka ƙoshi ka yi hamdala ka yi wa mai girki addu'a da babbar murya. A Turkiyya muddin kofin shayinka ya zama wayam za a sake cikawa, sai ka kwantar da ƙaramin cokali a bakin kofin. Wurin Larabawa masu gahawa, girgiza ɗan kofin ne alamar ya isa.

Lokutan ma sai an saba. A Amurka da Ingila wajen shida na yamma an ci na dare, a Sifaniya sai tara ko goma. Gidajen Jamusawa da yawa burodi da cuku da abu mai sanyi ne abincin darensu. Bahaushen da ya saba da tuwo mai tururi zai zauna jiran a kawo abincin, alhali an riga an gama. In ba ya riƙe ka, ka faɗa, ka nemi izinin dafa taliya ko shinkafa da kanka.

Inda ake ci a kwano ɗaya mun fi kowa gwaninta, sai dai kowane gari da ƙa'idarsa. A Senegal, kan babban farantin cebu jen, shinkafa da kifin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021, kowa gabansa yake ci, uwargida ce ke gutsuro kifi da kabeji da rogo daga tsakiya tana tura wa kowa. Kada ka kai hannu tsakiya da kanka, kuma kada ka tashi kafin a gama zagaye uku na shayin ataya. A Maroko kuskus na ranar Juma'a ne bayan an sauko masallaci, ranar da bai kamata ka yi alƙawari da abokai a waje ba. Sauran ranaku burodi ne cokalinka. A Habasha mai gida zai naɗo injera ya sa maka a baki da hannunsa, girmamawa ce, ka buɗe baki. A Jafan kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake yi wa mamaci.

Za ka yi mamakin yawan abin da ka riga ka sani. Mulukiyyar Masar lalo ce, karkadensu zoɓo ne, asidar Sudan 'yar'uwar tuwo ce. Wanda ba ka sani ba kuma, in dai halal ne, ka ɗanɗana ko loma biyu, kuma ka sake gwadawa wata rana, domin zaitun da cuku mai wari ba sa shiga rai a karon farko. In ya gagara, akwai abin koyi a Sunna. An kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ka ce ba ka saba ba, kada ka yamutsa fuska, kada ka shinshina, kada kuma ka ce haramun ne alhali ba haramun ba.

Ka shiga kicin. A nan ake koyon harshe da sirrin gida, ba a falo ba. Ka ce a ba ka albasa ka yanka, ka raka uwargida ko maigida cefane, ka riƙe ɗan littafi kana rubuta sunan kayan ƙamshi da awonsu. Tsohuwar da ba ku jin yaren juna za ta sake da kai a kan murhu cikin awa ɗaya.

Banɗaki, salla da kare

A Turkiyya da Masar da Maleshiya akwai ruwan tsarki a banɗaki. A Turai da Amurka takarda ce, kuma daɓen banɗakin a bushe ake son sa, wani ma da kafet. Rigimar da ta fi yawa tsakanin ɗalibanmu da masu gida a kan ruwan alwala take. Ka yi a hankali, ka ajiye tsumma naka, ka goge ƙasa da bakin famfo kafin ka fito. Ka yi musu bayanin butar tun ranar farko don kada a ɗauke ta a kai kicin ko a shayar da fure da ita. A Jafan sai ka wanke jikinka tas a waje kafin ka shiga kwamin ruwan zafi, kuma ba a zubar da ruwan, na bayanka zai shiga.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Jos tsawon rana ba ya wani canzawa sosai, amma a Landan rana na faɗuwa bayan tara na dare a watan Yuni, a Disamba kuma kafin huɗu na yamma. Ka sa manhajar lokutan salla, ka bi jadawalin masallacin unguwa, ka rage ƙarar kiran sallar waya da asuba. A Maroko za ka ji kamar kana gida, Malikiyya ne kuma da ƙira'ar Warshu suke karatu irin ta makarantun allonmu. Turkawa Hanafiyya ne, mutanen Maleshiya Shafi'iyya. In ka ga bambanci a salla ka bi liman, ba gyara aka aiko ka ba.

Kare a gidan Bature ɗan gida ne, wani har gado yake hawa. Kada ka kore shi da ƙafa. Ka roƙi a hana shi shiga ɗakinka saboda wurin salla, ka riƙa rufe ƙofa, wannan ba ya ɓata wa kowa rai. Mazhabar Malikiyya tana da sauƙi a kan tsarkin jikin kare mai rai, sai ka nemi bayanin wajen malami kafin tafiya don kada waswasi ya hana ka sakewa.

Ranar da za ka yi musu girki

Bayan mako biyu ka nemi a bar maka kicin rana ɗaya. Ka sake tambaya game da gyaɗa, domin akwai yaran da ɗan kaɗan ke toshe musu numfashi har a kai su asibiti, kuma yajinmu na tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa. Attaruhu ka raba abin da ka saba sawa gida huɗu ka sa kashi ɗaya, sauran ka ajiye a gefe ga mai ƙarfin hali. In za ka soya manja ka buɗe taga, don akwai na'ura a rufi da ke ihu in ta ji hayaƙi.

Dafa-duka ba ta ba da kunya. Gwaten acca da alayyafo da karas yana burge masu son abinci mara nauyi, ga shi na Filato ne, kana da labarin da za ka bayar a kansa. Tuwon shinkafa yana kamawa da shinkafarsu mai gajeren ƙwaya. Ɗanwake in babu kanwa, ɗan bekin soda ya tsaya mata. Masa ma tana yiwuwa, domin mutanen Denmak da Jafan da kudancin Indiya duk suna da kasko mai ramuka irin tanda. Miyar kuka da kuɓewa ka bari sai an saba, yauƙi ba kowa yake iyawa ba. Ka bar kicin ɗin fes.

Hira, da inda zama ya ƙi

Za a tambaye ka Boko Haram, da auren mace fiye da ɗaya, da rikicin Jos in sun bincika sunan garin a intanet. Yawanci rashin sani ne ba raini ba. Ka amsa da abin da ka gani da idonka, ka nuna musu hoton duwatsun Shere da kasuwar Faringada da maƙwabtanka Musulmi da Kirista. Addini in an tambaya ka yi bayani, in ba a tambaya ba halinka ya isa. Kai ma akwai abin da za ka kiyaye: nawa ne albashinka, me ya sa ba ku haihu ba, yaushe za ki yi aure. "Kin yi ƙiba" da muke faɗa don yabo, a can zagi ne. Kada ka ɗora hoton gidansu ko 'ya'yansu a Facebook ko TikTok sai da izini, kada kuma ka kawo baƙo, ko ɗan Najeriya ne, ba ka sanar ba. Kiran gida na awa biyu kullum da ƙofa a rufe yana sa su ji kamar otal ka ɗauke su. Ka tsayar da lokaci ɗaya na gaida su Inna, sauran ka fito falo.

Ƙaramin saɓani a faɗe shi a ranar. In an kai mako ana ɗaure fuska, ka kira jami'in makaranta ko na shirin da ya kawo ka, sauya gida abu ne da aka saba yi. Amma in an karɓe fasfonka, ko ana kulle ka, ko wani a gidan ya fara kai hannu ko maganar banza, ba zancen haƙuri ba ne, fita za ki yi ko za ka yi a ranar. Lambar gaggawa 112 ce a Tarayyar Turai da Turkiyya, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka. Lambar ofishin jakadancin Najeriya da hoton fasfonka su kasance a wayarka da kuma hannun wani a gida. In zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko, ka gaya wa likita daga Najeriya ka zo a gwada maleriya, domin ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

Kada ka wuce wa'adin bizarka. A Amurka wanda ya zarce da fiye da kwana 180 ana hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuma shekara 10. Ban da wannan, sunan mutanen da suka tsaya maka ne ke cikin takardun, kuma ƙannenka da za su nema bayanka su za a hana.

Sallama

Mako guda kafin tafiya ka biya duk abin da ake bin ka, ka faɗi abin da ka fasa ko ka ɓata, ka nemi a rubuta maka girkin da ka fi so. Ranar ƙarshe ka cire zanen gado, ka share ɗaki, ka mayar da makulli, ka bar wasiƙar godiya da rubutun hannunka, da harshensu ko da akwai kurakurai. Da ka sauka Abuja ka aika musu cewa ka iso lafiya, in ka isa gida kuma ka haɗa su da mahaifanka a kiran bidiyo su yi ban-gajiya da bakinsu.

Daga nan sai gaisuwa a ranakun bikinsu da namu. Abin da ke kashe irin wannan zumunci shi ne roƙo: yau kuɗin makaranta, gobe takardar gayyata ga ɗan Kawu. In 'yan'uwa sun matsa a ba su lambar, ka ce sai ka nemi izinin masu ita. In kuma wata rana suka ce za su zo Jos, ka sanar da su tun da wuri cewa suna buƙatar biza da katin rigakafin shawara da maganin kariya daga maleriya, ka zaɓar musu tsakanin Nuwamba da Janairu lokacin da ruwa ya ɗauke, ka tanadi gidan sauro da ruwan gora, ka kuma gaya wa masu girki a rage barkono.